Jar Ƙasa a Takalmin Hagu

Tsufa ya kai ni inda nake neman tabarau alhali yana kan hancina, amma ranar da aka zuba ƙasar ƙofar gidanmu a takalman Turawa goma sha ɗaya ba ta taɓa fita daga kaina ba. Ku yaran nan da kuke aiki a filayen ƙwallo, masu wankin riguna da masu nuna wa 'yan kallo wurin zama, kun ishe ni da "Baba Tanko, ba mu labarin zamaninku." To ga shi. Wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri, aji biyu na yi a elementare, na biyun ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi.

Na zo Landan ne a matsayin kuku, na biyo wani Baturen gona da ya gama aiki a wajen Funtuwa. Ranar da zan tafi, Inna ta durƙusa a ƙofar zaurenmu, ta ɗebi jar ƙasa cike da tafin hannunta, ta ƙulle a wani yanki na tsohon zanenta. Ta ce, "In ka isa, ka jiƙa kaɗan a ruwan garin ka sha, don kada ruwansu ya ƙi ka. Sauran ajiya ce na ba ka. Ka dawo mini da ita da hannunka, ka zuba inda na ɗebo." Na ce to. A tunanina damina biyu zan yi in koma. Baturen ya mutu, matarsa ta ce ita yajina ya gama da cikinta, na shiga gari neman abin yi, ƙullin Inna yana aljihun ciki na kwat ɗina.

Aikin da Allah ya ba ni na wani kulob ɗin ƙwallo ne. Ba na Landan ba ne, na wani ɗan tsibiri ne a cikin teku, kudu da Ingila. Sunansa bai taɓa zama daidai a bakina ba, mu Hausawan unguwar Plumstead 'Yan Tsibiri muke ce musu. Masunta da maƙeran jiragen ruwa ne suka kafa shi tun zamanin kakanninsu, suna bugawa a wani fili da ke gab da ruwa, inda in mutum ya sheƙa ƙwallo da ƙarfi sai an shiga kwalekwale an ɗauko. Bayan yaƙin duniya na biyu suka yi ƙarfi, har aka karɓe su cikin rukunin masu cin albashi da ƙwallo. Na can ƙasa dai, ba waɗanda ake nunawa a talabijin ba. An karɓe su ne da sharaɗi. Duk kulob ɗin da zai je musu, su za su biya masa jirgi, in kuma su ne za su zo, ko teku tana tafasa sai sun zo. Da yake yawancin abokan karawarsu a kewayen Landan suke, sai suka kama hayar wani tsohon gida a Plumstead. Su iso Juma'a su kwana, su buga Asabar, su koma Lahadi. Ni ne mai gadin gidan, ni ne kuku, ni ne kuma mataimakin mai kaya.

Ga wanda bai san tsarin ba, a sama akwai shugaban kulob, wanda a hoto kawai na san shi. Sai Manaja, mai zaɓen waɗanda za su buga, mai ihu kuma. Sai kyaftin. Sai mai kaya, wanda riguna da safa da takalma duk suke hannunsa. Sai kyanwar gidan. Sai ni.

Mai kayan namu Baba Alf ne, wani tsoho gajere mai gwamen ƙafafu, lofe a bakinsa ko babu wuta. Ya taɓa buga wa kulob ɗin da ƙuruciya. Makona na farko na so in burge shi. Bayan wasa na kwashe takalman na zauna a bayan gida, sai na ga kowane takalmin hagu da yashi a ciki. Na ce kai, Turawan nan da ƙazanta suke. Na kakkaɓe, na sa buroshi, na hura da baki, na jera su suna ƙyalli. Baba Alf ya zo ya zura yatsa a ɗaya, ya zura a na biyu, kunnuwansa suka yi ja.

"Wa ya aike ka?"

"Tsabta, Baba."

"Tsabtar gidanku! Zauna nan."

A nan ya karanta mini abin da babu shi a dokar ƙwallo. Duk ranar da za su hau jirgi, uwar ɗaya daga cikin 'yan wasan takan tsaya a ƙofar filinsu ta ɗebi farin yashi ta cika wani tsohon gwangwanin shayi. Dole uwa ce za ta ɗebo, ba mata ba, ba ƙanwa ba. Kafin a fita fili, Baba Alf zai bi kowa ya zuba masa ɗan kaɗan a takalmin hagu, wai don kada ɗansu ya taɓa bugawa a ƙasar baƙi. Ba a kuma kakkaɓe takalmin sai an koma tsibiri, a daidai ƙofar da aka ɗebo. Na yi dariya a zuci na ce ashe Bature ma da camfinsa. Sai na tuna abin da ke aljihun kwat ɗina, dariyar ta koma inda ta fito.

Muka shekara da shekaru a haka. Na san wanda ba ya cin ƙwai ranar wasa, na san wanda yake kuka in an ci su, yana cewa sabulu ne ya shiga masa ido.

Sai shekarun saba'in suka zo, kuɗin mai ya ɓarke a gida. Landan ta cika da mutanenmu, kowa da manyan akwatuna. Wata rana sai ga Mamman, ɗan ƙanen babana, wanda na baro da majina har baki, ya zama ɗan kwangila, ya zo sayayya. Ya same ni hannu tsundum a bokitin safa.

"Yaya Tanko, wai kai ne nan kake wanke wa ƙartin Turawa safa? A gida yanzu ko mai gadi ya sayi babur."

"Ba safa kaɗai ba, har da gajeren wando. Ka daina rage mini muƙami."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da ya ɗauka ya karkaɗe, sai fuskarsa ta canja.

"Inna ta ce in tambaye ka ajiyarta. Idonta ya fara rauni, Yaya. Ta ce ba ta son agogo, ba ta son atamfa. Ƙasarta take so, da wanda ta ba."

Na ciro ƙullin na nuna masa. Zanen ya koɗe, amma ƙasar tana nan. Na ce, "Ka gaya mata da an rufe kakar wasan bana ina tafe." Da gaske nake, wallahi. Har ofishin booking na je na tambayi kuɗin tikitin jirgi.

To shi man da ya sa Mamman ya yi tumbi, shi ne yake cinye 'Yan Tsibiri. Mai ya yi tsada, kuɗin jirgin ruwa ya hau, samarin tsibirin suna ta tsallakowa neman aiki ba sa komawa. Kulob ya riƙa shan kashi, har aka zo wasan ƙarshe na shekara, a wani fili da ke gabashin Landan. Maganar a fili take. In an ci su sun faɗo daga rukunin, shugaban kuma ya riga ya faɗa cewa in sun faɗo zai rufe kulob ɗin, don ba mai ci gaba da biyan jirgi a kan wasan unguwa. In sun yi canjaras sun tsira.

Juma'a ta zo ba su iso ba. Aka bugo waya cewa iska ta hana jirgi tashi, sai da safe, in wuce fili kai tsaye da kwandon riguna. Na je na jera komai a ɗakin canja kaya, na zauna ina jira, ruwa yana ta zuba a waje. Sai da 'yan kallo suka fara shiga sannan ga su nan. Ban taɓa ganin Bature ya zama kore ba sai ranar. Kowa ya amayar da abin da ya ci tun shekaranjiya. Baba Alf ne ya shigo ƙarshe, goshinsa ɗaure da bandeji, gwangwanin shayin rungume a ƙirjinsa. Ya ajiye a benci ya buɗe. Babu komai a ciki. Igiyar ruwa ce ta maka shi da ƙasa a saman jirgi, murfin ya fita, teku ta karɓi yashinta.



Golanmu Denis ne, ɗan masunci, ƙato wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. A wannan zuwan uwarsa ce ta ɗebo yashin. Ya dubi gwangwanin, ya ture takalmansa gefe, ya naɗe hannu. Ba mu da wani golan, na biyun ya tafi aikin masana'anta tun tsakiyar shekara.

Manaja ba ɗan tsibiri ba ne, ɗauko shi aka yi daga waje. Ya fara da lallashi, ya koma zagi. "Yashi ne fa! Yashi! Tanko, jeka ɗauko mini bokitin can." Akwai jan bokitin kashe gobara a rataye a baranda. Na ɗauko. Yashi ne kam, amma rabinsa guntayen sigari.

Denis ya leƙa ya ce, "Wannan yashin ba shi da uwa."

"Uwarka ce za ta tare maka ƙwallo?"

"Ka sake ambaton uwata, Manaja, ka ga yadda ake jefa mutum ta taga."

Kyaftin ya shiga tsakani. Alƙalin wasa ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce a shirya. Sauran yaran ma ba wanda ya taɓa takalminsa, kowa yana kallon Denis.

Ni ina tsaye a lungu, hannuna a aljihun kwat. Ba wanda ya san da ƙullin nan, ko Baba Alf. Zuciya ta ce mini, Tanko, yi shiru. In sun faɗo aiki ya ƙare, ka hau jirgi ka kai wa Inna ajiyarta cif, ka samu kwangilar share kwata a wajen Mamman, ka huta da safa. Komai ya zo maka daidai. Na yarda da zuciyar nan sarai. Sai idona ya faɗa kan Baba Alf. Ya zauna a ƙarshen benci yana kankare gindin gwangwanin da farce, ko zai samu ƙwaya biyu. Lofen ya faɗi a cinyarsa bai sani ba. Ruwan da ke idonsa kuwa ba na sabulu ba ne.

Ban san lokacin da na ciro ba. Na kwance ƙullin a kan benci, jar ƙasa ta bayyana.

Manaja ya ce, "Wannan kuma mene ne? Yajin naka ne?"

Na ce, "Ƙasar ƙofar gidanmu ce, Yallaɓai."

Denis ya matso ya sunkuya. Ya daɗe yana kallo.

"A garinku akwai teku?"

"Akwai rafi. Shi ma rabin shekara hutu yake yi."

"Wa ya ɗebo?"

"Uwata. Da hannunta."

"Tana raye?"

"Tana raye. Jiran ƙasar take, ni ma jirana take."

"To in jira take, don me za ka ba mu?"

 Har yau ban da amsa mai kyau ga wannan tambayar. Na ce, "Kai dai sa takalminka, ƙaton banza, kafin in canja shawara."

Ya miƙo na hagu.

Na so a rage mini ko ɗan kaɗan, amma yatsun Baba Alf kamar rogo suke, abin da yake kira tsunkule ɗaya zai cika cokali. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yadda ya saba, yana zubawa yana dafa kafaɗar kowa. Da ya gama da na goma sha ɗaya, abin da ya rage a zanen Inna launi ne kawai. Ya ninke tsumman ya sa mini a hannu ya rufe da nasa.

Wasan bai yi kyau ba, kada kowa ya ruɗe ku. Taɓo har idon sawu, mutane ashirin da biyu suna faɗuwa kamar jakai a fadama. Namu ba su da ƙarfin gudu, sai suka taru a gaban raga suna korar ƙwallo duk inda ta nufa. Gab da tashi wani ɗan gabansu ya kuɓuce, daga shi sai Denis. Denis ya faɗi dama, yaron ya buga hagu. Ƙwallo ta bugi dunduniyar Denis ta haura saman raga, shi ko ganinta bai yi ba. Ba zan ce komai ba, kada limaminmu ya ji ya ce na tsufa da shirka. Ni dai na ga ƙafar, ta hagu ce. Aka tashi babu ci. Manaja da ya kira ƙasata yaji ya rungume ni har na ji ƙashina ya yi ƙara.

Lahadi da safe suka tafi da takalmansu ba a kakkaɓe ba, yadda al'ada take. Suka bar mini safa. Kowace ta hagu tafinta ya yi ja. Na jiƙa su a bokiti, ruwan ya koma kalar kududdufin bayan gidanmu in an yi ruwan farko. Na daɗe tsugune a gabansa. Daga baya na tuntsurar da shi, ina kallo ya bi kwatar Plumstead ya tafi.

Ban je gida a shekarar ba. Da wane ido zan miƙa wa Inna tsumma? Da aka buɗe sabuwar kaka, Baba Alf ya ce in ba shi tsumman. Zuwan da suka yi na gaba ya dawo mini da shi a ƙulle, cike da farin yashi. Ya ce uwar Denis ce ta ɗebo, ta ce a gaishe da uwata. Ya ce, "Taka kuma mun kakkaɓe ta a ƙofar filinmu, kowa ya tsaya ya cire hula. Yanzu kana da gida a can."

Da wannan ƙullin na je gida daga baya. Na sami kwalta ta shigo har kasuwar garinmu, amma zaurenmu yana nan. Inna ba ta gani sosai. Ta shafa fuskata, ta ce na yi ƙiba irin ta marasa kunya, sannan ta buɗe tafin hannu. Na ɗora mata. Ta kwance, ta murza da yatsu, ta kai kusa da ido.

"Tanko, har ƙasa ma in ta je Turai fari take yi?"

Na yi niyyar in ce e. Kafin in buɗe baki ta ɗanɗana a harshe ta tofar.

"Gishiri. Wannan ba tawa ba ce. Ina tawa?"

Na zauna a ƙasa na ba ta labari tun daga bokitin gobara. Ta saurara, ba ta katse ni ba, abin da bai taɓa faruwa ba.

"Sun ci?"

"Ba su ci ba, ba a ci su ba."

"Ƙasata guda, ko ci ɗaya babu? Ragwaye." Ta yi dariya har da tari. Na ce to bari in zuba wannan a madadin waccan. Ta riƙe mini hannu. "A'a. Wannan ƙasar mutane ce, wata uwa ce ta durƙusa ta ɗebo. Ba a zuba ta a ƙofar wani. Ka mayar mata inda ta ɗebo, ka ce na gode. In ka kai, ka dawo ka gaya mini yadda tawa ta zauna a can."

Ta ƙulle da kanta, da haƙori ta ja bakin zanen.

Na dawo Landan, don a lokacin na yi iyali, yara sun shiga makaranta suna amsa mini da Turanci. Kulob ɗin ya ƙara 'yan shekaru yana jan ƙafa, sannan aka rufe shi, ba a kan wasa ba, a kan kuɗin jirgi. Aka mayar wa masu gida gidansu na Plumstead, ni kuma na koma wankin kaya a unguwar Barking, council, wato ƙaramar hukuma, suka ba ni flat a gidan bene. Baba Alf ya mutu. Inna ta rasu ina nan. Filin da ke bakin ruwa an gina masa gidajen masu zuwa hutu. Denis yana raye, guiwa ta ƙi shi, yakan bugo mini waya duk ƙarshen shekara. Ya ce ginshiƙan ƙofar filin biyu suna nan, ba a rushe ba. Kullum sai ya ce, "Yaushe za ka zo, matsoraci?" Ni kuma in ce baɗi, teku ce ba na so.

Abin da aikin nan ya koya mini, ku da kuke farawa, shi ne ɗan ƙwallo ba ƙafa ba ne kawai. Duk ƙatonsa, in ya fita gaban mutane yana so ya ji yana taka wani abu na gida. Manaja bai san wannan ba, 'yan kallo ba su sani ba, mai kaya ne ya sani, don shi yake zura hannu inda ba wanda yake gani. In kun ga zare a ɗaure a rigar yaro, ko tsohuwar safa mai huji da ya ƙi yarwa, ko yashi a takalmi, kada ku yi tsabta irin tawa. Ku tambaya tukuna.

Maganar teku kuwa, Denis ya san ba ita ba ce. Mutumin da ya tsallako daga Funtuwa zai kasa jirgin da ake hawa da safe a sauka kafin azahar? Ƙullin yana nan a aljihun kwat, kwat ɗin ma ta uku ce ko ta huɗu. Ranar da na zuba shi a gindin ginshiƙan nan, aiken ya ƙare, kuma babu wadda zan koma in gaya wa. Muddin yana aljihuna kuwa, ni yaro ne da Inna ta aika, bai dawo ba tukuna.